Daga Aji Zuwa Dandali: Doguwar Tafiyar Barkwancin Rumawa

A shekara ta 165 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani matashin marubuci a birnin Rum ya gamu da abin da duk mai shirya wasan kwaikwayo ke tsoro. An fara nuna wasansa mai suna Hecyra, labarin wata suruka da matar ɗanta, sai raɗe-raɗi ya bazu cewa 'yan dambe da wani mai tafiya a kan igiya za su yi wasa. Wuri ya yamutse, aka tashi ba a gama ba. Bayan shekara biyar aka sake gwadawa a bikin makokin babban janar Aemilius Paullus. Wannan karon labarin masu gwabzawa da takobi ne ya sa jama'a suka yi ca a wurin, aka sake watsewa. Sai a karo na uku 'yan kallo suka haƙura suka zauna har ƙarshe.

Sunan marubucin Terence. Haifaffen Kartaj ne, a ƙasar Tunisiya ta yau, kuma a matsayin bawa aka kai shi Rum. Ubangidansa, wani sanata mai suna Terentius Lucanus, ya ba shi ilimi sannan ya 'yanta shi. Wasa shida kacal ya rubuta, tsakanin shekarar 166 da 160, daga nan ya yi tafiya zuwa Girka bai dawo ba.

Wanda ya gabace shi a sana'ar, Plautus, mutumin Sarsina da ya rasu a shekarar 184, bai san irin wannan wulaƙanci ba. Shi ne gwanin talakawa, mai habaici da zagi da waƙe-waƙe da raha mai nauyi. Farin jininsa ya kai har aka riƙa liƙa sunansa a wasannin da bai rubuta ba, sai da suka kai 130. Daga baya masani Varro ya tace su ya ware 21 da ba a tababa a kansu, kuma 20 daga cikinsu ne suka iso zamaninmu, tare da gutsattsarin na ƙarshen. Duka marubutan biyu daga Girkawa suka ari labaransu, kuma mutanen cikin wasanninsu kusan iri ɗaya ne: saurayin da so ya rikita ga shi ba ko sisi, uba mai riƙon hannu, bawa mai wayon tsiya da ke shirya yadda za a damfari tsohon, soja mai cika-baki, kawali, da ɗan fadanci mai bin ƙanshin miya. Bambancin shi ne Plautus dariyar ƙeta yake nema, Terence kuwa ya fi kula da halin mutum da tsabtar zance.

Duk wanda ya ga yadda aka yi a Rum zai rantse Plautus ne zai fi daɗewa a bakin mutane. Amma kusan shekara dubu bayan rushewar daular Rum, Terence ne ake karantawa ko'ina a Turai, Plautus kuma ya kusa ɓacewa. Masu hukunci a lokacin malaman makaranta ne, su kuwa malamai ba dariya suke nema ba.

Tun a ƙarni na 4 miladiyya wasannin Terence sun zama littafin koyon Latinanci. Wani malamin nahawu a Rum, Aelius Donatus, ya yi musu sharhi layi bayan layi, yana bayyana ma'anar kalma, da dalilin da ya sa wane ya faɗi kaza, har da irin muryar da ta dace da zancen. Cikin ɗalibansa akwai Jerome, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci. Jerome kansa ya ba da labari a wata wasiƙa cewa bayan ya kwana yana tsayuwar dare da kukan zunubansa, sai ya tsinci kansa ya ɗauko Plautus yana karantawa, abin da ya dame shi ƙwarai.

Damuwar ba tasa kaɗai ba ce. Manyan malaman Kirista sun tsani gidan wasa, suna ganinsa matattarar alfasha da bautar gumaka. Tertullian, shi ma ɗan Kartaj, ya rubuta littafi guda a kan haramcin zuwa kallo. Agustin, haifaffen ƙasar Aljeriya ta yau, ya kama Terence da wani fage a wasan Eunuchus, inda wani saurayi ya shiga gidan karuwa da sunan bābā, ya ga zanen ubangijin gumakan Rumawa yana yaudarar mace, sai ya ɗauki wannan hujja ya yi wa yarinya fyaɗe. Ƙorafin Agustin shi ne ana koya wa yara ƙazanta da sunan koyon kalmomi. Ya yi gaskiya game da fagen, don har yau yana ɗaga hankalin mai karatu. Sai dai coci da Latinanci take ibada, da shi take shari'a da wasiƙu, kuma a duk littattafan da aka gada babu inda ake jin Rumawa na hira irin ta yau da gobe, gaisuwa da ciniki da faɗan miji da mata, kamar a bakin Terence. Gidajen wasa suka rufe, duwatsunsu aka kwashe aka yi gini da su, amma 'yan zuhudu a gidajen ibada suka ci gaba da kwafar labaran karuwai da bayi maƙaryata da hannunsu, ƙarni bayan ƙarni. Kofe-kofen Terence na rubutun hannu da suka rage daga wancan zamani sun kai ɗaruruwa.

Mafi shahara cikinsu yana ɗakin karatu na Batikan. An yi shi wajen shekarar 825, marubucin ya sa sunansa, Hrodgarius, ɗaya daga cikin masu zanen ma ya sa nasa, Adelricus. Zane sama da ɗari ne a ciki, an kwafo su daga wani littafi da ya girme shi da ƙarni huɗu. A farkon kowane wasa an zana kanta da aka jera fuskokin aro na 'yan wasa, ga na tsoho mai gemu, ga na bawa mai wawakeken baki. A cikin shafukan kuwa mutanen suna tsaye a jere, kowa da yadda ya miƙa hannu ko ya karkata kafaɗa, ƙofa kuma katako biyu ne da labule. Masu zanen suna kwafar motsin 'yan wasan da ba su taɓa gani ba.

Rashin ganin ya haifar da fahimta mai ban mamaki. A ƙarshen yawancin kofe-kofen akwai sunan wani Calliopius, wanda ya duba rubutun ya gyara a ƙarshen zamanin Rumawa. Masu karatu na baya suka ɗauka shi abokin Terence ne da ke zama cikin wata rumfa yana karanta wasan da ƙarfi, wasu kuma a gabansa suna motsi da jiki ba sa magana. Haka aka zana shi a wani ƙasaitaccen littafi da aka yi wa 'yan gidan sarautar Faransa a Faris wajen shekarar 1410. Masu kwafa da yawa ba su ma lura cewa wasannin waƙa ne masu ma'auni ba, sai suka rubuta su a zube. Tarihin marubucin kansa ya cakuɗe da na wani sanata mai irin sunansa da mutanen Kartaj suka taɓa kamawa a yaƙi, sai da masani Petrarch ya zo a ƙarni na 14 ya raba su. Hatta mawaƙi Dante, da duk iliminsa, a waƙarsa ya jefa Thais, karuwar cikin Eunuchus, a wuta tare da masu daɗin baki saboda wata magana da ba ita ta faɗa ba. Ɗan fadancin cikin wasan ne ya faɗa, Dante kuwa a littafin Cicero ya tsinci zancen.

Cikin duk waɗanda suka karanta Terence a wancan dogon zamani, babu wadda ta yi abin da ya kai na wata mata a yankin Saxony na Jamus. Sunanta Hrotsvitha, an haife ta wajen shekarar 935, ta yi rayuwarta a gidan ibadar mata na Gandersheim, wanda 'yar ɗan'uwan Sarki Otto na Ɗaya, Gerberga, ke shugabanta. A gabatarwar littafinta ta bayyana cewa Kiristoci da yawa na karanta Terence saboda daɗin harshensa, suna gurɓata zukatansu da labaran mata marasa kamun kai. Don haka ta ɗauki salonsa ta rubuta wasa shida, daidai adadin nasa, a kan budurwoyi masu tsare kansu da masu tuba.

Mai jin wannan zai zaci wa'azi ne busasshe. To, a duba wasanta Dulcitius. A zamanin Sarki Diocletian an kama 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, Agape da Chionia da Irena, saboda sun ƙi barin addininsu. Gwamna Dulcitius ya ga kyansu ya sa aka kulle su a wani ɗaki kusa da madafa don ya riƙa zuwa da dare. Da ya shigo, sai hankalinsa ya juye, ya kama rungumar tukwane da kaskon suya yana sumbatarsu, 'yan matan na leƙensa ta tsagar ƙofa suna dariya. Ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, sojojinsa suka ɗauka aljani ne suka ranta a na kare, masu gadin fada kuma suka lakaɗa masa duka suka hankaɗo shi daga matakala. Wasan ya ƙare da kisan 'yan matan, amma wannan fage na madafa barkwanci ne na gaske, na wadda ta san inda dariya take. A wani wasan nata, Abraham, wani tsohon mai zuhudu ya sa kayan soja ya shiga gidan karuwai kamar mai neman mace, don ya ceto 'yar ɗan'uwansa Maryamu. Shigar burtu da gidan karuwa duk kayan Terence ne, ita kuma ta juya su suka yi mata aikin da take so.

Rubutunta ya kwanta shekara ɗari biyar, har sai da masani Conrad Celtis ya gano shi a gidan zuhudu na Emmeram a Regensburg, ya buga shi a Nuremberg a 1501. A 1867 wani masanin tarihi, Joseph Aschbach, ya yi iƙirarin cewa Celtis ne ya ƙirƙiri komai, don a ganinsa macen ƙarni na 10 ba za ta iya wannan ba. An daɗe da rushe wannan da'awa.

Shi kuwa Plautus, abin da ya sa 'yan kallo suka so shi ne ya zame masa matsala a aji. Harshensa tsoho ne, cike da kalmomin kasuwa da waɗanda shi ya ƙirƙira, ma'aunin waƙoƙinsa kuma ya gagari malamai. Abin da ya sami kofensa mafi tsufa ya isa misali. A lokacin da fatar rubutu ke tsada, wasu 'yan zuhudu suka kankare wasanninsa daga fatar, kamar yadda almajiri ke wanke allo, suka rubuta Littafin Sarakuna na cikin Tsohon Alkawari a kai. Sai a 1815 Angelo Mai ya hango inuwar tsohon rubutun a ɗakin karatu na Ambrosiana da ke Milan. Wasa takwas kawai Turawan zamanin tsakiya suka sani na Plautus, su ma ba kowa ba. Da yawa ma idan sun ce Plautus, wani wasa suke nufi mai suna Querolus da wani marubuci da ba a san sunansa ba ya yi wajen ƙarni na 5.

Duk da haka labaransa sun riƙa ɓullowa ta bayan gida. A ƙarni na 12, wani Bafaranshe, Vitalis mutumin Blois, ya ɗauki labarin Amphitruo, inda wani abin bauta ya ɗauki kamannin miji ya shiga wurin matarsa, ɗan aikensa kuma ya ɗauki kamannin bawan gidan, ya mayar da shi waƙar karantawa mai suna Geta. A wurinsa maigidan ba yaƙi ya tafi ba, karatun manɗiƙi ya je Atina. Bawansa Geta ma ya ɗan tsinci ilimin, shi ya sa da ya dawo ya tarar da wani Geta a ƙofa, sai ya yi ta jera hujjoji har ya tabbatar wa kansa cewa shi ba kowa ba ne. Habaici ne ga ɗaliban Faris na lokacin da jayayyar falsafa ta hau musu kai, kuma ɗaliban suka karɓe shi hannu biyu.

Al'amarin ya sauya a 1429. A lokacin masanan Italiya sun dukufa farautar tsofaffin littattafai a gidajen ibada na Jamus da Faransa. Wani matashin Bajamushe, Nicholas mutumin Kues, wanda daga baya ya zama kadinal kuma babban masanin falsafa, ya kawo wa Kadinal Giordano Orsini wani littafi a Rum. Wasan Plautus 16 ne a ciki, 12 daga cikinsu ba wanda ya san suna nan. Akwai Menaechmi, na tagwayen da aka raba tun suna yara. Akwai Miles Gloriosus, na soja mai cika-baki, da Mostellaria, inda bawa ya ce wa maigida gidansa na da fatalwa don kada ya shiga ya tarar ɗansa na shagali, da Pseudolus da Rudens. A taƙaice mafi yawan gwanayen wasanninsa na cikin waɗanda suka ɓata.

Orsini ya kulle littafin ya hana. Poggio Bracciolini, sakataren Paparoma kuma shugaban mafarautan littattafai, ya cika wasiƙunsa ga abokinsa Niccolò Niccoli da ƙorafi a kan kadinal ɗin da ya ƙi barin kowa ya kwafa. Sai da sarakunan Milan da Ferrara da gidan Medici na Florence suka sa baki kafin ya saki. Ba a jima ba, a 1433, Giovanni Aurispa ya gano sharhin Donatus a birnin Mainz. Daga wannan sharhi ne masana suka gane cewa wasannin nan mutane ne suka riƙa taka su a dandali suna magana da bakinsu, kuma daga gare shi da mawaƙi Horace aka ɗauko tsarin raba wasa kashi biyar da ya mamaye Turai. Maɗaba'a ta zo a kan gaɓa: an buga Terence a Strasbourg a 1470, Giorgio Merula kuma ya fitar da Plautus a Venice a 1472.

Masanan ba su tsaya ga karatu ba, sun gwada hannunsu da Latinanci. Leon Battista Alberti yana ɗan shekara ashirin ya rubuta wasa ya ce na wani tsohon Barume ne mai suna Lepidus, aka kuwa yarda, har aka buga shi a 1588 a matsayin aikin mutanen da. Enea Silvio Piccolomini ya rubuta Chrysis a 1444, labarin limamai da karuwai, shekara 14 kafin ya zama Paparoma Pius na Biyu.

A Rum ɗaliban Pomponio Leto sun fara taka Plautus da Latinanci a shekarun 1480, amma wanda ya mayar da abin bikin gari shi ne sarkin Ferrara, Ercole d'Este. Ranar 25 ga Janairu 1486 ya sa aka nuna Menaechmi da Italiyanci a farfajiyar fadarsa. An kafa dandamalin katako da gidaje biyar, kowanne da ƙofa da taga, aka kuma ƙera jirgin ruwa mai filafilai da ya ratso farfajiyar ya sauke ɗan tagwayen da ya zo neman ɗan'uwansa. Dubban mutane suka kalla. Daga nan abin ya zama al'adar gidan. A Fabrairun 1502, da ɗansa Alfonso ya auri Lucrezia Borgia, 'yar Paparoma Alexander na Shida, wasan Plautus biyar aka jera a kwanakin bikin. Ba kowa abin ya burge ba. 'Yar sarkin, Isabella d'Este, ta riƙa rubuta wa mijinta a Mantua cewa wasan Bacchides ya cika tsawo da gundura, Casina kuma batsa ce, raye-rayen da ake sakawa tsakanin kashi da kashi ne kawai ke sa ta farka. Wataƙila laifin na masu fassara ne, waɗanda suka miƙar da gajerun zantukan Plautus suka zama dogayen baitoci.

Wani matashi da ya tashi a wannan fada, Ludovico Ariosto, wanda ya taɓa bin ayarin 'yan wasan sarki zuwa Pavia a 1493, shi ya gane mafita: a bar fassara, a ari ƙashin labarin a sa masa naman Italiya. Ya fitar da La Cassaria a 1508, sai I Suppositi a 1509, wanda ya haɗa Eunuchus na Terence da Captivi na Plautus, ya kuma dasa labarin a Ferrara kanta, ɗalibi ya yi musayar tufafi da baransa don ya shiga gidan budurwarsa. Da aka nuna shi a Rum a 1519 gaban Paparoma Leo na Goma, mai zane Raphael ne ya zana bangon dandalin. Bernardo Dovizi da aka fi sani da Bibbiena, wanda ya zama kadinal a 1513, a shekarar ne aka nuna wasansa La Calandria a Urbino. Shi ya ɗauki tagwayen Plautus ya mayar da ɗaya mace, aka samu sabon ruɗani na mace cikin kayan maza, dabarar da marubutan Turai suka yi ta ci har ƙarni biyu. Niccolò Machiavelli, wanda duniya ta sani da littafin siyasa, ya fassara Andria na Terence, ya rubuta Mandragola, sannan a 1525 ya sake ɗinka Casina ya kira shi Clizia: tsoho na son yarinyar da ake riƙo a gidansa, matarsa ta sa aka yi wa wani ƙato kwalliyar amarya aka kai masa ɗaki. Masana da yawa na ganin da kansa Machiavelli yake, don a lokacin ya haura hamsin yana soyayya da wata matashiyar mawaƙiya.

A arewacin Turai kuwa har yanzu malamin aji ne ke da ta cewa, sai dai yanzu ya yarda yara su tashi tsaye su taka. Philipp Melanchthon ya fitar da bugun Terence a 1516, Erasmus ya fitar da nasa a Basel a 1532. Tsarin makarantun Saxony na 1528 ya wajabta Terence, tare da zaɓaɓɓun wasannin Plautus da ake ganin ba su da illa. Martin Luther ya kare al'adar da cewa yara na goge Latinancinsu, suna kuma koyon halayen mutane da sharrin matan banza tun kafin su haɗu da su. Ignatius Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit ta Katolika, ya ga akasin haka. A ƙa'idojin ƙungiyarsa an ambaci Terence da suna cikin littattafan da ba sa tsarkakuwa ko an yanke, don haka gara a bar su. Wasu malaman suka bi hanyar Hrotsvitha. Gulielmus Gnapheus na birnin Hague ya fitar da Acolastus a 1529, labarin ɗa almubazzari na cikin Linjila, amma da 'yan fadanci da kawali da karuwa irin na Rum, aka yi ta buga shi ana fassarawa. Cornelius Schonaeus, shugaban makaranta a Haarlem, ya tara nasa wasannin ƙarƙashin suna Terentius Christianus.

A Ingila, Nicholas Udall, wanda ya shugabanci makarantar Eton, ya fara da littafin jimlolin Terence don koya wa yara hira da Latinanci, daga baya wajen 1552 ya rubuta Ralph Roister Doister, sojan Plautus mai cika-baki a titunan Landan, wanda ake lissafa shi cikin wasannin barkwanci na farko da Ingilishi. Irin wannan karatu Shakespeare ya samu a makarantar garinsu. A wasansa The Comedy of Errors ya ɗauki Menaechmi, ya ga tagwaye biyu sun yi kaɗan, ya ba kowannensu bara, barorin ma tagwaye, ya kuma aro daga Amphitruo fagen da aka kulle maigida a waje matarsa na cin abinci da mai kama da shi. An nuna shi ranar 28 ga Disamba 1594 a Gray's Inn, makarantar lauyoyi, shekara guda kafin a buga fassarar Menaechmi ta Ingilishi. A wannan zauren ne aka nuna fassarar I Suppositi na Ariosto a 1566, wadda Shakespeare ya yi amfani da ita a The Taming of the Shrew. 'Yan kallon ma sun san asalin kayan. Wani ɗalibin lauya, John Manningham, da ya kalli Twelfth Night a 1602, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya yi kama da Menaechmi na Plautus da wani wasan Italiya.

Wasa ɗaya ya isa ya nuna yadda kowace ƙasa ta yi da gadon. Aulularia labarin Euclio ne, tsohon da ya tono tukunyar zinariya a gidansa ya rasa barci, yana zargin kuku da kuyanga har da zakara, bai ma lura 'yarsa na da ciki ba. Ƙarshen wasan ya ɓace a duk kofe-kofen da ake da su, sai wani tsohon taƙaitawa da ke nuna cewa Euclio ya ba surukinsa zinariyar. Don haka duk mai son nuna shi dole ya ƙirƙiro masa ƙarshe. Antonio Urceo, malami a jami'ar Bologna, ya cike giɓin da Latinanci a ƙarshen ƙarni na 15, aka riƙa buga cikon nasa tare da wasan. Marin Držić ya kai marowacin Dubrovnik a tsakiyar ƙarni na 16 ya kira shi Skup. Pieter Hooft ya kai shi Amsterdam a 1617 da sunan Warenar, inda tsohon ya gaji da fargaba ya rabu da tukunyar.

Molière, wanda ya ɗebi Adelphoe da Phormio na Terence a wasu wasanninsa, ya nuna L'Avare a Faris a Satumban 1668, shi da kansa ya fito a matsayin marowacin, Harpagon. Ya riƙe fagen da Plautus ya fi gwaninta a kai, inda tsohon ya gano an sace kuɗin ya juyo yana tuhumar 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya. Amma ya mayar da talakan da ya yi tsintuwa attajiri mai ba da bashi da ruwa, har ɗansa na cikinsa ya zo rance wurinsa ta hannun dillali ba tare da sun san juna ba. Ya kuma ƙi shiryar da shi. A ƙarshen wasan Harpagon ya yarda 'ya'yansa su yi aure ne da sharaɗin ba zai kashe ko kwabo ba, surukin zai biya komai har da ɗinka masa sabuwar rigar biki, sannan a dawo masa da akwatinsa.